Jules-Émile Péan, likitan da ya fara saka wa mutum gaɓar kafaɗa ta ƙira

A ranar 11 ga watan Maris na shekarar 1893, a birnin Paris, wani likitan fiɗa mai suna Jules-Émile Péan ya cire ruɓaɓɓen kan ƙashin dantsen wani majinyaci, ya saka masa gaɓar da aka ƙera da farin ƙarfe da roba. Wannan ne karo na farko da tarihin likitanci ya rubuta cewa an maye wa ɗan Adam gaɓar kafaɗarsa da ta ƙira. Majinyacin ya tashi, ya kuma yi amfani da hannunsa kimanin shekara biyu kafin ciwo ya tilasta a fidda na'urar.

Sunan Péan ba baƙo ba ne ga waɗanda suka yi karatun aikin lafiya da Faransanci. Duk malamin asibiti ko ungozomar da ta taɓa jera kayan aiki a kan tire, a Yamai ne ko Maraɗi, Damagaram ko Tawa, sun san hantsakin nan mai kama da almakashi da ake kira pince de Péan, wanda ake danne jijiya da shi don tsayar da jini. Da yawa suna furta sunan kowace rana ba tare da sun san mai shi ba. Mutum ne da ya yi suna da dukiya, ya yi rigingimu da abokan aikinsa, ya ceci rayuka masu yawa, ya kuma rasu bai taɓa samun kujerar farfesa a jami'ar Paris ba.

Daga gidan niƙa zuwa Paris

An haifi Péan ranar 29 ga watan Nuwamba na 1830 a Marboué, wani ƙaramin gari kusa da Châteaudun, cikin yankin Eure-et-Loir da ke kudu maso yammacin Paris. Yanki ne na noman alkama, kuma mahaifinsa mai gidan niƙa ne. Ya yi karatun sakandare a garin Chartres, sannan ya tafi Paris yana ɗan kimanin shekara 19 don karatun likita.

Ya shiga wannan fage a daidai lokacin da aikin fiɗa ke sauya kama. A watan Oktoban 1846 aka nuna a birnin Boston na Amurka cewa ana iya sa majinyaci barci da sinadarin eta a yi masa aiki bai ji zafi ba. Shekara guda bayan haka, a Edimbura, James Simpson ya fara amfani da kulorofom. Kafin wannan, gwanin likita shi ne mai sauri: a danne mutum, a yanke ƙafa cikin ƴan mintoci yana ihu. Da aka samu maganin barci, sai likitoci suka samu sararin yin aiki a natse.

Amma matsaloli biyu sun rage. Ta farko zubar jini. A wancan zamani ba a san rukunonin jini ba, sai a 1901 Karl Landsteiner ya gano su, saboda haka ƙarin jini caca ce da rai. Jinin da ya zuba ya tafi ke nan. Ta biyu ruɓewar rauni. A manyan asibitocin Paris, mutum kan tsira daga wuƙar likita, bayan kwana uku ko huɗu zazzaɓi da mugunya su kashe shi. Rayuwar aikin Péan duka ta gudana ne tsakanin waɗannan matsaloli biyu. Ya taimaka ƙwarai wajen magance ta farko, ta biyun kuwa ita ta karya babban aikinsa na kafaɗa.

Almajirin Nélaton

A asibitocin Paris, Péan ya zama almajirin Auguste Nélaton, ɗaya daga cikin manyan likitocin fiɗa na Faransa a lokacin, wanda ya zama likitan sarki Napoléon na Uku. Nélaton mutum ne mai son ƙera kayan aiki. A 1862, da aka harbi jagoran yaƙin Italiya Garibaldi a idon sawu, likitoci suka yi ta gardama ko harsashin na ciki ko babu. Nélaton ya sa aka ƙera wani tsinke mai kan tangaran, wanda idan ya gogi dalma sai ta bar masa baƙin tabo. Da shi aka tabbatar harsashin na nan, aka fidda shi. Har yau robar fidda fitsari mai taushi da ake amfani da ita a asibitoci tana ɗauke da sunan Nélaton.

A wajen wannan malami Péan ya koyi cewa idan hannu ya gaza, sai a je wurin maƙeri. Ya kuma taimaka wajen sake fitar da babban littafin malamin nasa a kan cututtukan da ake yi wa fiɗa.

A 1860 ya gabatar da kundinsa na zama dokta. Batun da ya zaɓa shi ne ciwon gaɓar kafaɗa da kuma yanke kan ƙashin dantse a matsayin magani. Wannan na nuna cewa aikin 1893 bai zo masa kwatsam ba. Shekara 33 ya yi yana sane da abin da ke faruwa ga mutumin da aka yanke wa kan ƙashin dantse: ciwon kan tafi, amma hannun ya zama kamar lilo, yatsu na aiki, dantse kuwa ba ya ɗaguwa.

A tsakiyar shekarun 1860 aka ba shi muƙamin likitan fiɗa na asibitocin Paris. Ya yi aiki a Saint-Antoine, daga baya ya koma Saint-Louis, inda ya yi shekarunsa mafi shahara.

Buɗe ciki a lokacin da ake tsoron buɗe shi

Abin da ya fara fito da sunan Péan shi ne fiɗar ciki. A wancan lokaci, matan da ƙari ya fito musu a gidan ƙwai sukan yi ta kumbura har numfashi ya gagare su. Wani likita a jihar Kentucky ta Amurka, Ephraim McDowell, ya cire irin wannan ƙari tun 1809, matar kuma ta rayu. A Landan, Spencer Wells ya fara yin aikin a kai a kai tun ƙarshen shekarun 1850, a Strasbourg kuma Eugène Koeberlé ya yi nasara a 1862. Amma a Paris yawancin manyan likitoci na ganin aikin daidai yake da kisa, domin kusan duk wadda aka yi wa a can mutuwa take yi. Wasu ma sun ɗora laifin a kan iskar birnin.

A 1864 Péan ya yi wannan aiki a Paris, matar ta warke. Ya sake yi, ya kuma rubuta wata takarda da ya gina a kan tambayar ko za a iya yin wannan fiɗa a cikin Paris da fatan nasara, ya amsa da misalan matan da ya yi wa.

A 1867 ya buɗe cikin wata budurwa ƴar shekara 20 yana zaton ƙarin gidan ƙwai ne, sai ya tarar a saifa ƙarin yake. Ya cire saifar gaba ɗaya, yarinyar ta rayu. Ana lissafa wannan cikin fiɗar saifa ta farko da ta yi nasara a zamanin likitancin yau, ta kuma tabbatar cewa mutum na iya rayuwa ba saifa. Daga baya ya shahara da wata dabara ta cire manyan ƙararrakin mahaifa gutsure-gutsure ta hanyar al'aura, don kauce wa tsaga ciki.

Ba kullum yake nasara ba. Ranar 9 ga watan Afrilun 1879 ya yanke ƙarshen tumbin wani mai ciwon daji, ya haɗa sauran da hanji. Shi ne na farko da ya gwada wannan aiki a jikin mutum, amma majinyacin ya rasu a kwana na biyar. A shekarar da ta biyo baya Ludwik Rydygier ɗan ƙasar Polan ya gwada, nasa majinyacin ma ya rasu cikin sa'o'i. Sai a watan Janairun 1881 Theodor Billroth ya yi a birnin Biyana, majinyaciyar ta tashi ta koma gida. Shi ya sa yau sunan Billroth aikin ke ɗauke da shi a mafi yawan ƙasashe, ko da yake littattafan Faransanci sukan kira shi da sunan Péan.

Hantsakin da ya ɗauki sunansa

Tun ƙarni na 16 Ambroise Paré ya koya wa likitocin Faransa ɗaure jijiyar jini da zare maimakon ƙona ta da ƙarfe mai zafi. Sai dai ɗaurin na cin lokaci. Idan jijiyoyi goma suka ɓalle a lokaci guda, kafin a ɗaure ta uku jini ya cika wurin, likita ba ya ganin komai. Ana buƙatar mataimaka su danne da yatsu, kuma kowane yatsa da ya shiga rauni da dauɗarsa yake shiga.

Hantsakin da Péan ya fara amfani da shi a ƙarshen shekarun 1860 yana da zobba biyu na saka yatsu kamar almakashi, da baki mai zane-zane wanda ba ya yanka, da ƴan haƙora kusa da zobban waɗanda ke kulle shi idan an matsa. Likita ya kama jijiya, ya kulle, ya saki, hantsakin ya ci gaba da riƙo shi kaɗai. Ana iya jera ashirin ko fiye a rauni ɗaya a ci gaba da aiki. Ƙananan jijiyoyi sukan toshe da kansu saboda matsin, manyan kuma a ɗaure su a ƙarshe. Péan ya ƙara da danne jijiya tun kafin a yanka ta, yadda jinin ba zai ma fara zuba ba.

A nan rigima ta tashi. Koeberlé na Strasbourg ya ce shi ya riga amfani da irin wannan hantsaki tun 1865, yana kuma da hujja. Asalin siffar ma ta fito ne daga wani hantsakin wanke rauni mai makulli na gidan ƙira na Charrière a Paris. A tsakiyar shekarun 1870 mutanen biyu suka yi ta musayar rubuce-rubuce masu zafi. Siyasa ta ƙara wa wutar mai, domin bayan yaƙin 1870 zuwa 1871 Jamus ta ƙwace Strasbourg, shi kuwa Péan yana tsakiyar Paris, ɗalibai da baƙin likitoci na cika ɗakinsa. Masana tarihi da dama na ganin Koeberlé ya riga shi, amma Péan ne ya mai da abin cikakkiyar hanyar aiki ya yaɗa ta. A Ingila sunan Spencer Wells ake kiran irinsa da shi. Daga baya Theodor Kocher na ƙasar Suwis ya ƙera nasa mai haƙori a baki, wanda shi ma ke cikin kayan aikin asibitocinmu.

Tsabta ba tare da yarda da Pasteur ba

Akwai wani abin mamaki a rayuwar Péan. A shekarun da Louis Pasteur ke nuna cewa ƙananan halittu da ido ba ya gani ne ke ruɓar da abubuwa, kuma Joseph Lister ya fara wanke raunuka da sinadarin fenol a 1865 a Gilasgo, Péan na cikin waɗanda suka yi jayayya da ra'ayin Pasteur. Duk da haka majinyatansa sun fi na abokan aikinsa da yawa tsira.

Dalilin yana cikin ɗabi'unsa. Mutum ne mai tsananin tsabta. Ya ƙi fiɗar gawa, alhali likitocin zamaninsa kan fito daga ɗakin gawa su shiga ɗakin majinyata da hannu ɗaya. Ya fi son yi wa mutane aiki a gidajensu, nesa da manyan ɗakunan asibiti inda cuta ke yawo daga gado zuwa gado. Yana da sauri, hantsakansa kuma sun rage yawan yatsun da ke shiga rauni. Ya yi abin da ya dace, amma bai yarda da bayanin da ya sa abin ke aiki ba.

Wanda ke son ganin yadda ɗakin fiɗa yake a lokacin sai ya dubi zanen da Henri Gervex ya yi a 1887, wanda ke ajiye a gidan tarihi na Orsay a Paris. An nuna Péan a asibitin Saint-Louis, tsaye cikin baƙar kwat irin ta zuwa biki, hantsaki a hannu, yana bayani ga mutanen da suka kewaye wata majinyaciya da aka sa barci. Babu safar hannu, babu abin rufe baki. Mai zane Toulouse-Lautrec ma ya zana shi yana aiki a farkon shekarun 1890, da tsumma ɗaure a wuya kamar mai shirin cin abinci. Wani ɗan'uwan mai zanen da ke karatun likita a wajen Péan ne ya riƙa shigar da shi.

Wannan son nuna kai, da kuɗin da yake karɓa wajen masu hali, da kaifin harshensa, sun tara masa abokan gaba. Ya koyar da ɗalibai masu yawa, an buga darussansa na asibitin Saint-Louis tun daga 1876, amma jami'a ba ta ba shi kujera ba. Sai a watan Nuwamban 1887, yana dab da cika shekara 57, aka zaɓe shi cikin majalisar masana likitanci ta ƙasar Faransa.

Aikin kafaɗa na 1893

Kafaɗa ita ce gaɓar da ta fi kowace juyawa a jikin mutum, kuma wannan ne rauninta. Kan ƙashin dantse dunƙulalle ne kamar ƙwallo, faɗinsa ya kusa santimita 5. Gurbin da yake zama a jikin allon kafaɗa kuwa ɗan ƙarami ne, kusan shimfiɗaɗɗe, tsawonsa bai kai santimita 4 ba, faɗinsa bai kai 3 ba. Kamar a aza tulu ne a kan gammo. Tsokoki da jijiyoyin da ke kewaye ne ke riƙe da gaɓar. Shi ya sa kafaɗa ta fi kowace babbar gaɓa gocewa, kamar yadda maɗora suka sani.

Majinyacin Péan mutum ne ɗan shekara talatin da ƴan kai, wanda tarin fuka ya shiga ƙashinsa. Cutar ba huhu kaɗai take kamawa ba, tana cin ƙashin baya da gwiwa da ƙugu da kafaɗa. Robert Koch ya gano ƙwayar cutar a 1882, amma maganinta na farko, sitireptomisin, sai a shekarun 1940 aka samu. Mutumin ya rame, kafaɗar cike da mugunya. Abin da likitoci suka saba yi a irin wannan hali shi ne cire hannun tun daga kafaɗa. Ya ƙi yarda, domin da hannun yake neman abinci.

Péan ya san da aikin wani likita a Balin, Themistocles Gluck, wanda a 1890 ya saka wa masu tarin fukan ƙashi gaɓoɓin da aka sassaƙa da hauren giwa, har da ta gwiwa. Gaɓoɓin Gluck sun yi aiki da farko, daga baya ruɓa ta lalata su, kuma manyan likitocin Jamus suka juya masa baya. Péan ya amince cewa Gluck ya riga shi a wannan tunani, amma yana ganin hauren giwa ba shi da ƙarfin da ake buƙata.

Sai ya nemi wani likitan haƙori da ke Paris, J. Porter Michaels, domin a lokacin masu gyaran haƙori ne suka fi kowa sanin ƙarfen da ke iya zama cikin jiki bai yi tsatsa ba. Michaels ya ƙera bututu na filatin, wani farin ƙarfe mai tsada, don ya tsaya a madadin ɓangaren ƙashin dantsen da za a yanke. A jikin bututun akwai ƙananan huduji na ɗinke tsoka da fatar ƙashi. A samansa aka sa ƙwallon roba mai tauri da aka dafa cikin kakin farafin, mai tsagogi inda wayoyin ƙarfe ke bi, ɗaya ta haɗa ƙwallon da bututun, ɗaya ta haɗa shi da allon kafaɗa.

Péan ya fara yanke ruɓaɓɓen ƙashin ya wanke wurin, sannan ya dasa na'urar. Mutumin ya farfaɗo, ya yi ƙiba, hannun ya riƙa motsi. Péan ya buga bayanin aikin a 1894. Amma ƙwayar cutar na nan. Rauni ya yi ta ɓullowa yana zubar da mugunya, bayan kimanin shekara biyu aka cire na'urar. An tarar sabon ƙashi ya tsiro kewaye da ita, kuma mutumin ya tsira da hannunsa. Na'urar kanta an kai ta Amurka, inda take ajiye a gidan adana kayan tarihi.

Huda ƙashi da ido kawai

Don a gane nauyin wannan aiki, sai a tuna cewa an yi shi kusan shekara uku kafin Wilhelm Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a watan Nuwamban 1895. Péan bai ga hoton kafaɗar ba kafin ya tsaga ta. Kayan huda ƙashi na zamaninsa da hannu ake murɗa su, irin na masassaƙa, sai an gyara su don asibiti. Inda za a huda, da karkatar hudar, da zurfinta, duk ido da yatsa ne ke aunawa.

A kafaɗa kuwa kuskuren ƴan milimita na da tsada. Ƙashin da ke bayan gurbin gaɓar siriri ne, yana ƙara tsukewa zuwa ciki, saboda haka ƙusa na iya fasa gefe ta fita. Wata jijiyar motsi na zagaya wuyan ƙashin dantse, idan aka taɓa ta tsokar saman kafaɗa ta shanye, hannu ba ya ɗaguwa. Wata kuma na bi ta bayan allon kafaɗa. Binciken shekarun 1980 ya ƙara nuna cewa idan zafin huda ya kai digiri 47 na tsawon minti ɗaya, ƙashin da ke kewaye da hudar na mutuwa, ƙusar ta yi sako-sako daga baya. Shi ya sa yau ake zuba ruwa mai sanyi a kan bakin na'ura lokacin huda.

Tunanin kare majinyaci daga wuce gona da iri na abin huda tsoho ne. Tun kusan shekara ta 1000, Abul Ƙasim Azzahrawi, likitan Ƙurɗuba a Andalus, ya zana a littafinsa wani abin huda ƙoƙon kai mai ɗan gammo a ƙasan bakinsa, wanda ke hana shi nutsewa cikin ƙwaƙwalwa. Wannan ka'ida ce har yau ke cikin na'urorin zamani masu tsayar da kansu idan sun kai zurfin da aka auna.

Bayan Péan abubuwa sun zo ɗaya bayan ɗaya. Albin Lambotte na ƙasar Beljik ya tsara ɗaure karaya da faranti da ƙusoshin ƙarfe a farkon ƙarni na 20. A 1909 Martin Kirschner na Jamus ya fito da siririyar wayar ƙarfe da ake fara sokawa cikin ƙashi. A yau ita ce jagora: a saka ta, a duba hoto a tabbatar tana kan hanya, sannan a zura abin huda mai rami a tsakiya ya bi ta kanta. A shekarun 1950 Charles Neer na birnin New York ya ƙera kan ƙashin dantse na ƙarfe wanda ya ɗore. A 1954 Michel Latarjet na birnin Lyon ya bayyana aikin da ake yi wa mai yawan gocewar kafaɗa, inda ake yanko ɗan ƙashi daga gaban allon kafaɗa a kafe shi da ƙusa a bakin gurbin gaɓar. A 1985 Paul Grammont na birnin Dijon ya juya tsarin gaɓar, ya sa ƙwallon a jikin allon kafaɗa, gurbin kuma a kan dantse, don taimakon waɗanda jijiyoyin kafaɗarsu suka tsinke. Duka waɗannan ayyuka sun dogara ne a kan huda a daidai wuri. A manyan asibitocin yau, daga hoton sikana na majinyaci ake ƙera masa jagorar huda tasa shi kaɗai, wadda ke zama daram a kan ƙashinsa.

Asibitinsa da ƙarshen rayuwarsa

Da shekarun barin aikin gwamnati suka cim masa a farkon shekarun 1890, Péan bai ajiye wuƙa ba. Da kuɗinsa ya gina asibiti a titin la Santé da ke Paris, ya sa masa suna Asibitin Ƙasa da Ƙasa, inda ake karɓar marasa hali ba tare da duba ƙasar da suka fito ba. A 1893, shekarar da ya yi aikin kafaɗa, gwamnati ta ɗaga shi zuwa matsayin kwamanda a lambar girmamawa ta Légion d'honneur. Ya ci gaba da fiɗa da koyarwa a asibitinsa har ciwon huhu ya kwantar da shi. Ya rasu a Paris cikin watan Janairun 1898, yana da shekara 67. Bayan rasuwarsa aka mai da sunan asibitin zuwa nasa, kuma akwai titi mai sunansa a Paris.

Masu nazarin tarihinsa ba su haɗu a kan hukunci ɗaya ba. Wasu na ganin mutum ne mai ƙarfin hali da ya buɗe ƙofofin da wasu ke tsoro. Wasu na tuna yadda ya danne haƙƙin Koeberlé, da yadda ya yi jayayya da Pasteur alhali gaskiya na wajen Pasteur. Aikin kafaɗar ma ya nuna iyakar gwanintar hannu. An ƙera na'urar da kyau, an dasa ta da kyau, amma an dasa ta cikin ƙashin da ƙwayar cuta ke ci, a zamanin da babu maganin kashe ta. Likitocin ƙashi na yau sun riƙe wannan a matsayin doka: ba a saka ƙarfe a gaɓar da ke da ruɓa sai an fara kashe cutar. Kusan shekara 60 aka yi kafin gaɓar kafaɗa ta ƙira ta zama aikin da ake iya dogara da shi.

Hantsakinsa kuwa bai jira komai ba. Ba ya buƙatar lantarki, ba ya buƙatar kwamfuta, ana dafa shi a sake amfani da shi shekara da shekaru. Shi ya sa ake samun sa a babban ɗakin fiɗa na birni da kuma ƙaramin gidan haihuwa na karkara, inda ake danne cibiyar jariri da shi ko da irinsa kafin a yanke.